Baƙin Man Da Ban Shafa Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga ɗana na fari, yayan su Hafsatu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko kana cikin mota, ko ka riga ka sauka. Allah Ya tsare hanya, Ya kai ka Fatakwal lafiya, Ya raba ka da sharrin ƙarfe da na ruwa da na mutum. Amin.

Na sa ta a ƙasan jakarka, ƙarƙashin ƙullin garin kunu, don na san ba za ka gan ta ba sai ka bar Sakkwato. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji biyar na tsaya. Kwana huɗu na yi ina rubuta ta, bayan azahar idan gida ya yi shiru.

Tsakanina da kai babu doguwar magana, ka sani. Tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka ba. Sai dai in ce "kai", ko in ce wa Hafsatu, "Kira min wancan." Mata suna yaba mini, wai Rabi akwai kunyar ɗan fari. Ni kuwa na san ba kunya ce kaɗai ta rufe mini baki ba. Akwai wani abu a ƙarƙashinta, shi ne ya sa na ɗauki biro.

Ran Juma'a na ji kana ba Hafsatu labarin aikin da Kawunka Bello ya samo maka. Ka ce masaukin baƙi ne a bakin ruwa, akwai babban dandamali na katako a waje inda mutane ke zama su sha iska, kuma kai ne za ka riƙa kula da shi. Ka ce an gaya maka can ruwan sama ba ya ɗaukewa, zafin garin mai gumi ne, ko wanki ba ya bushewa da wuri. Ina tankaɗe a lokacin. Sai na ajiye rariyar. Duk ayyukan duniya a ce dandamalin katako aka ba ka. Na ce wannan Allah ne Ya ce in yi magana.

Kana da shekara shida aka kafa namu dandamalin, ban sani ba ko kana tuna farkonsa. Tsakar gidanmu na Tudun Wada kwari ne, da damina ruwa kwanciya yake yi daidai ƙofar ɗakin Hajja, kakarka. Gwiwoyinta sun ƙi, ba ta iya taka caɓi, ɗaki kuma ya yi mata zafi. Sai babanka, Allah Ya jiƙansa, ya ɗauko Malam Isa kafinta daga Ƙofar Marke ya yi mata dandamali a gindin dogonyaro. Tsayinsa ya wuce gwiwar babba, faɗinsa ya ɗauki tabarma uku, da matakala biyu. Ranar da ya gama ina bayan labule na ji shi yana cewa:

"Alhaji, a hwaɗa ma mutanen gida. Wagga tazara da kag gani tsakanin katako da katako da gangan na bar ta, don ruwa shi sauka, iska ta shiga. Kar a toshe ta, kar a aje komi ƙarƙashi. Kuma kowace shekara kahin ruwan hwari a shahe cikinshi da ƙahwahunshi da baƙin mai. In anka yi haka, har jikanka sai ya zamna bisa."

Hajja ta ce, "To Isa, in ya karye da ni, kai za ka aure ni da gurguwar ƙahwa."

Ya ce, "Haba Hajja, ai kina da miji, ga shi nan tsaye," ya nuna ka. Ka ruga ka ɓuya a bayan randa, kowa ya yi dariya. Ni ma na yi. Kowace kalma ta Malam Isa ta shiga kunnena, kada ka ɗauka ban ji ba.

Ba a yi wata biyu ba na shimfiɗa masa leda, irin ta ɗaki, mai zanen furanni ja. Tazarar nan ce ta dame ni. Cokali ya faɗa, allura ta faɗa, ganyen dogonyaro ya maƙale. Kuma ina son idan mata sun shigo su ce dandamalin gidan Rabi kamar falo. Sun kuwa faɗa. Sama yana ta ƙyalli, ina gogewa da tsumma safe da yamma, ban san ruwa yana shiga ta gefe ya kwana a ƙarƙashi ba. Ranar da na ɗaga kusurwar ledar neman ɗan kunnena, na ga katakon ya yi baƙi, da funfuna fari-fari a kansa, yana wani wari kamar tsohon tulu. Na mayar da ledar na danne.

To kai, idan ka je, kada ka yarda da abin da idonka ya gani daga sama. Ko sun shimfiɗa darduma, ko sun jera tukwanen furanni, ka riƙa ɗagawa kana matsar da su, wurin ya sha iska da rana. Ka sami siririn ƙarfe ka riƙa bin tsakanin katakan kana fitar da ganye da ƙasa. Aiki ne mai cin rai, babu wanda zai gan ka yana yaba maka. Ka yi shi duk da haka. Idan ka ga kore-kore ya fara fitowa, ka goge da burushi da sabulu tun bai yi santsi ba, ka bar wurin ya bushe sarai kafin a mayar da kujeru.

Randar Hajja ma a kan dandamalin na ɗora ta, daidai inda take zama, don kada ta riƙa kirana miƙo ruwa. Ka san randa tsatsafo take yi dare da rana. A nan kuma Hajja take alwala. Wuri ɗaya, shekara uku, bai taɓa bushewa ba. Da damina ta kama na rasa inda zan ɓoye itacen girki, sai na tura shi ƙarƙashin dandamalin, na cusa har babu inda iska za ta bi. Maƙwabciyarmu Inna Kulu ta shigo ta gani, ta ce, "Rabi, kin kai ma gara tuwo har ɗaki." Na ce, "Inna Kulu ke nan, ba ki rasa abin faɗi." Bayan ta fita na yi tsaki, na ce tsohuwa da sa ido.

Wanda duk ya nuna maka aibin aikinka, ko mai shara ne, ko mai gadi, ko ba ka jin yarensa sosai, ka tsaya ka saurara. Ka tashi ka je ka duba abin da ya ce kafin ka ji haushinsa. Ƙarƙashin dandamali kuwa ka bar shi wayam. Kada ka bari a mayar da shi wurin ajiye kwalaye da tsofaffin kujeru. Ka tabbata ruwa yana samun hanyar wucewa, ba ya kwanciya a gindin ƙafafun.

Yanzu na zo kan baƙin mai.

Ka san sana'ar babanka ta hatsi. Gab da damina yakan yi makonni yana bin kasuwannin ƙauye, kuma idan ba ya nan namiji ba ya shigo mana gida. Shekarar farko ya kawo galan guda na baƙin mai daga wurin bakanike, ya ɗaura tsumma a kan sanda, ya ce in fitar da komai in shafe ciki da ƙafafu kafin ya dawo. Ina da cikin Hafsatu a lokacin. Ina buɗe galan ɗin zuciyata ta tashi. Na rufe, na ce gobe. Gobe ta zama jibi. Ana saura kwana ɗaya ya dawo na tsoma tsumman na shafa a bakin katakon gaba, inda ido ke gani, hanci ke ji. Sauran na tuttule shi a masai.

Da ya dawo ya shinshina, ya ce, "An shahe ke nan?"

Na ce, "An shafe."

Ya ce, "Allah shi yi miki albarka."

Shekarar farko ina da uzurin ciki. Ta biyu ba ni da uzurin komai. Na dai tuna sai na kwashe itace, na naɗe leda, na durƙusa cikin ƙasa, mai ya ɓata mini zane da hannu, ga bikin ƙanwata ya matso na yi lalle. Kuma na ga bara ban shafa ba, babu abin da ya faru. Na sake shafa bakin gaba, na sake tuttulewa. Shekara ta uku ko tunani ban yi ba, hannuna ya riga ya saba. Sau uku babanka yana sa mini albarka a kan aikin da ban yi ba.

Ban san irin man da suke shafawa a can ba, wataƙila na gwangwani ne mai tsada, ba irin namu ba. Ko wane iri ne, ka shafa shi inda ba a gani kafin inda ake gani: ciki, da bakin da aka yanke, da gindin ƙafafu. Ka jira rana ta fito katako ya bushe tukuna, kada ka rufe danshi a ciki. Idan kuma ba ka yi ba, aka tambaye ka, ka ce ba ka yi ba. Faɗan da za a yi maka na yini ɗaya ne. Ni na guje wa faɗan yini ɗaya, ga ni shekara goma sha uku ban huta ba.

Ana saura kamar wata guda abin ya faru, na sunkuya jawo itace, na ga hanyar gara ta jan ƙasa ta hau ƙafar da ke ƙarƙashin randa. Na sa farce na danna katakon, farcena ya shige kamar cikin dafaffen rogo. Na san abin da ya kamata: in ta da Hajja, in gaya wa babanka a kira Malam Isa. Amma idan Malam Isa ya leƙa zai ga babu ɗigon mai a ciki. Sai na kankare hanyar garar da tsintsiya, na jingina faifai a wurin. Na ce bari damina ta wuce, zan san dabarar da zan yi.

Ranar kana tuna ta, ba sai na faɗa maka ba. Amma zan faɗe ta yadda ni na gan ta, don kai abin da aka gaya maka ka riƙe.

Cikin marka ne, an kwana uku ana ruwa, ya ɗauke bayan la'asar. Hajja ta fito tana zaune a gefen randa tana tsinkar zogale. Ka dawo daga Islamiyya da gudu, kana cewa, "Hajja, mijinki ya dawo, ina tuwona?" Ka daka tsalle daga ƙasa zuwa kan dandamalin. Haka kake yi kullum. Shekara uku kana wannan tsallen, kai da 'ya'yan maƙwabta. Yaro ɗan shekara tara, nauyin me gare ka? Ƙafar nan da na jingina wa faifai ita ce ta tafi. Katako biyu suka bi ta, randa ta kife, Hajja ta faɗa ta gefe a kan ƙugunta. Ƙarar da ta yi har yau tana kunnena.

Da na iso na ga cikin katakon ya zama gari, gara fari fat tana ta warwatsuwa. Maƙwabta suka ɗauki Hajja zuwa ɗaki, aka aika kasuwa a kira babanka. Kafin ya iso na tattara ruɓaɓɓun guntayen na cusa a murhu, na ja leda na rufe ramin. Surukata tana nishi a ɗaki, ni ina tsakar gida ina ɓoye katako. Ka ji irin uwar da Allah Ya ba ka.

Ya shigo ko takalmi bai cire ba. Ya ce, "Mi ya hwaru? Ba an shahe shi da mai ba bana?"

Na ce, "An shafe."

Ya ce, "To mi ya karya katakon da bai shekara huɗu ba?"

Kana tsaye a jikin bango, allonka a hannu. Na dube ka. Na ce, "Yaron ne ya yi tsalle a kai. Kullum ina hana shi."

Ban taɓa hana ka ba, ko sau ɗaya.

Dukan da ya yi maka ranar bai taɓa yi wa kowa irinsa ba. Ba ka gudu ba. Kana dai cewa, "Baba ban sani ba, Baba ban sani ba." Da ya sake ka, ba shi ka kalla ba, ni ka kalla. Na shige madafa na hura wuta da katakon.

Kwana tara babanka ya yi a asibiti da Hajja. Kafin su dawo na farfasa sauran dandamalin na yi girki da shi, na ce masa ba na son ganinsa ne. Malam Isa ya zo dubiya, ya tsaya a zaure ya ce a nuna masa inda ya karye, yana son ya ga ko laifin aikinsa ne. Na aika aka ce masa an ƙone. Daga baya na ji ya ce, "Allah shi kyauta," ya tafi. Bai sake taka gidanmu ba.

Hajja ba ta ƙara tsayawa da ƙafarta ba. Wata bakwai tana kwance, ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka. Wata rana da hantsi ina shafa mata man zafi, ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Rabi, shekara ukku ina zamne bisa katakon nan. Hancina bai mutu ba. Warin mai baki-baki nike jin shi, ban taɓa jin shi daga ƙasa ba."

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ni na yahe miki ƙahwata, kwanana ya ƙare. Ba ni tona ki ga ɗana, ke za ki hwaɗi da bakinki. Amma ki sauke ma mijina wanga kaya. Ya yi mishi nauyi."

Na ce, "To, Hajja." Ta sha gaya wa babanka cewa ba ka da laifi, shi kuma ya ɗauka son jika ne kawai. Ta rasu ban faɗa ba.

Ina kallo ka canza. Ka daina gudu, ka daina dariya mai ƙarfi. Yaran unguwa suka sa maka Mai Tsalle, sunan ya bi ka har sakandare. Ranar sadakar uku Gwaggonka Balki, ƙanwar babanka, ta ce a gaban mata, "Ku kau da shi daga gabana." Ina zaune ina raba gumba, ban ɗaga kai ba. Babanka bai sake ɗaukar ka a babur zuwa kasuwa ba, sai ƙanenka. Kai kuma ka ɗauka hakkinka ne, ba ka taɓa yin ƙorafi ba. Duk ranar Juma'a kakan je kabarin Hajja, na san abin da kake roƙo a can. Gafarar laifin da ba naka ba kake nema.

Shekara uku da suka wuce, da ciwon babanka ya yi tsanani, na zauna a gefensa da niyyar faɗa. Na ce, "Alhaji." Ya buɗe ido ya ce, "Mi?" Na ce, "In kawo maka ruwa?" Washegari ya cika. Ya tafi yana ganin ɗansa na fari ne sanadin uwarsa. Wannan ba ni da yadda zan gyara shi, sai a gaban Allah. Kada ka jinkirta maganar da ta zama dole, kana jiran ranar da za ta yi sauƙi. Ni na jira, ba ta zo ba, sai mutanen da ya kamata su ji suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Ran Laraba da na ce muku zan je dubiya, Mabera na je, gidan Gwaggonka Balki. Na faɗa mata komai a gaban mijinta da manyan 'ya'yanta, tun daga leda har murhu. Ta ce, "Shekara goma sha ukku, Rabi? Kina kallo ina ƙin amsa gaisuwar yaron nan?" Ta yi kuka, ni ma na yi. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Tashi ki tahi. Ba ni za ki roƙa ba." Ta karɓi lambarka a wurin Hafsatu. Idan ta kira ka, ka ɗauka. Daga can na biya Ƙofar Marke neman Malam Isa, aka ce mini ya rasu bara. Na gaya wa ɗansa cewa aikin babansa ba shi da aibi. Bai gane abin da nake nufi ba, ya dai ce Allah Ya saka.

A cikin takardar nan za ka ga doguwar ƙusa naɗe a tsumma. Ta dandamalin Hajja ce, na tsince ta a toka, tun ranar take cikin adakata. Ka riƙa zagayawa da ita duk mako, musamman bayan ruwa mai yawa. Ka durƙusa, ka shiga ƙarƙashi, ka danna bakinta a gindin kowace ƙafa da duk inda katako ya yi duhu. Idan ta tsaya, lafiya. Idan ta shige, ka ta da duk wanda ke zaune a wurin, ko wane ne shi, ka gaya wa mai gidan a ranar, ko da zai ce sakacinka ne, ko da zai kore ka. Mutanen da za su zauna a kan katakon nan ba su san ka ba, amma sun ba ka amanar ƙasusuwansu.

Ba kai ka karya dandamalin ba. Ba kai ka kayar da Hajja ba. Ko ba ka yi tsalle ba, a makon nan zai tafi. Ni ce.

Ban ce dole ka yafe mini ba. Idan ka ga ba za ka iya ba yanzu, ba zan yi maka baki ba, addu'ata kuma ba za ta ragu ba. Amma idan ka sauka ka kira Hafsatu, ka ce a ba ni wayar, zan karɓa. Ba zan ce hannuna da aiki ba kamar yadda na saba.

Allah Ya tsare ka a inda ba ni gani. Ya kare ka daga zazzaɓin can da ruwan can, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa ka riƙe salla a kan lokaci. Ya jiƙan Hajja da babanka da Malam Isa. Ya dawo mana da kai lafiya, ko ina raye ko ba na raye.

Nasiru. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba. Nasiru, ɗana, ka yafe mini.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Rabi
Tudun Wada, Sakkwato